Hayabusa ɗan 2012 na cinye lita ɗaya a kilomita 10: saitin ne, ko wani abu daban?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Suzuki Hayabusa ɗan 2012, ɗan Kwatano, wata huɗu ke nan. Ya zo da salansar Yoshimura, da wani ɗan akwati a ƙarƙashin kujera da aka rubuta wa Power Commander. In na cika tanki, agogo na kaiwa 170 sai fitilar mai ta kama, na lissafa na ga kilomita 10 ke nan a lita. Wasu abokaina sun ce haka manyan babura suke, wasu sun ce in cire akwatin. Nawa ya kamata ya sha, kuma saitin da aka yi masa ne ya jawo?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya.

Kilomita 10 a lita ba shi ne shan Hayabusa mai lafiya ba. A doguwar hanya, da tuƙi na hankali, abin da nake gani a wannan babur kilomita 14 zuwa 17 ne. A cikin gari, inda rabin lokacinka kana tsaye a danja ko kana jan ƙafa a cunkoson Bata a Kano, yakan sauko zuwa 11 ko 13, wannan kuma ba ciwo ba ne. Shi kansa kamfanin Suzuki, a sabon samfurin da ya fitar a 2021, lita 6.7 ya rubuta a kilomita 100, wato kusan kilomita 15 a lita. Naka samfuri na biyu ne, inji cc 1340, tanki lita 21, kuma a takarda ma bai kai sabon sha ba.

Amma kafin ka taɓa ko noti ɗaya, je ka dubi fuskar agogon nan da kyau. In manyan lambobin da ke jiki na mil ne, to babur ɗin ɗan Amurka ne, kuma 170 ɗin da kake gani mil ne, ba kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da 'yan kai, saboda haka mil 170 ya kama kilomita 274. Raba wannan da lita 17 ɗin da ka ƙona kafin fitila ta kama, ka ga 16 ya fito cif. Wato babur lafiyarsa ƙalau, lissafin ne ya karkace. Ba wasa nake ba, an sha kawo mini babur a kan wannan, mai shi har ya fara neman dillali ya rabu da shi. Hanya mafi sauƙi ta tantancewa: mayar da ƙaramin agogon tafiya sifiri a bakin Kano, ka tafi Zariya. Nisan wajen kilomita 140 ne. In ya nuna maka tamanin da wani abu, mil yake ƙirgawa, mun gama magana, sai ka sayi shayi ka ba abokan naka.

Irin wannan ruɗanin yana nan a maganar galan ma. Za ka ji masu Hayabusa na Amurka suna cewa suna samun mil 35 zuwa 40 a galan. Galan ɗinsu lita 3.785 ne, na Ingila lita 4.546, namu na 'yan bumburutu kuwa lita 4 ne, in ya cika. Mil 40 a galan ɗin Amurka kilomita 17 ne a lita. Mil 40 a na Ingila kilomita 14 ne. Lamba ɗaya, ma'ana biyu.

To a ce agogon na kilomita ne. Har yanzu ba zan yarda da 10 ɗin ba sai an auna yadda ya kamata, don fitilar mai ba ma'auni ba ce, gargaɗi ce kawai. Ka cika tanki a famfo ɗaya da ka amince da shi, babur na tsaye sosai ba a jingine ba, har mai ya taɓo ƙasan wuyan tanki. Mayar da agogo sifiri. In ka dawo shan mai, koma wannan famfon, cika zuwa daidai wurin, ka raba kilomitan da litocin da suka shiga. Yi haka sau uku. Dalilin cewa famfo ɗaya, ai ka sani: akwai gidajen man da litarsu ba ta kai lita ba, kuma duk abin da suka rage maka, babur ne zai ɗauki laifin.

Abokan da suka ce haka manyan babura suke, sun faɗi rabin gaskiya. Duk wanda ya taso a kan Boxer ko Jincheng, ya saba lita ɗaya ta kai shi wajen kilomita 50, kowane babban babur a idonsa rariya ne. Sai dai girman inji kaɗai ba shi ke yanke hukunci ba. Honda NC750X, mai inji 745, kamfaninsa ya rubuta masa kilomita 28 a lita. BMW R1250GS wajen 21. Gold Wing na 2018, mai silinda shida da inji 1833, da nauyinsa kamar ƙaramar mota, wajen 18, manyan Harley-Davidson na tafiya ma a wannan unguwar suke. Sai ga Yamaha R1, wanda injinsa 998 ne kacal, yana ba da wajen 14. Abin da aka ƙera injin ya yi shi ne magana. Injin da aka tsara ya yi juyi sama da 10,000 a minti, da manyan bawul da manyan hanyoyin iska, ba ya jin daɗin tafiyar sannu, kamar dokin sukuwa ne aka ɗaura wa amalanke.

Yanzu ga maganar saiti, kuma a nan zan ɗan zauna, don nan ne mutane suka fi ruɗewa.

Inji ba mai kaɗai yake ƙonawa ba, cakuɗar iska da mai yake ƙonawa. In ana so fetur ya ƙone tas, babu ragowar mai babu ragowar iska, ana buƙatar iska awo 14.7 a kan mai awo 1, da nauyi. In kana son inji ya ba da iyakar ƙarfinsa kuwa, sai an ƙara mai, cakuɗar ta koma wajen 12.8 zuwa 13.2. Kamfani ya san duka biyun. Shi ya sa kwamfutar babur, wadda a gareji muke ce wa birenbos, take da jadawali a cikinta: gefe ɗaya juyin inji, ɗaya gefen yawan buɗewar totur, kowane gida da adadin man da za a fesa. Inda kake tafiya a tsanake, totur a buɗe kaɗan, ana riƙe cakuɗar kusa da 14.7 saboda dokokin hayaƙi na Turai da Amurka, kuma a baburan da ke da sensar oksijin a jikin salansa, ita ce ke gaya wa birenbos ya ƙara ko ya rage. In ka murɗe totur duka, birenbos ya daina sauraronta, ya zuba mai sosai.

Power Commander, wanda kamfanin Dynojet na Amurka ke yi, ba ya maye gurbin birenbos. Yana shiga ne tsakaninsa da injekta, wato masu fesa wa inji mai, ya karɓi umarnin da aka aiko, ya ƙara ko ya rage wani kaso bisa nasa jadawalin. In gida na ɗauke da 10, an ƙara mai kashi 10 cikin 100 a wannan wurin. In sifiri ne, bai taɓa komai ba. Akwatin da duk gidajensa sifiri ne, da shi da babu duk ɗaya. Ka ga ke nan tambayar ba "akwai akwati ko babu" ba ce, tambayar ita ce me aka rubuta a ciki, kuma a waɗanne gidaje.

Ga inda gizo ke saƙar. Hayabusa a giya ta shida, a gudun kilomita 120, injinsa na juyi wajen 4,000 ne, totur kuma ɗan buɗewa kaɗan. Daga cikin doki 197 da Suzuki ya ce injin na da su, ko 20 ba ka amfani da su a lokacin. Kusan duk man da kake saye a waɗannan 'yan gidajen na ƙasa yake ƙonewa. Mai saitin da ya san aikinsa zai bar su kusa da yadda kamfani ya yi, ko ya ɗan ƙara kaɗan don a rabu da fizgar nan da babur ke yi in ka saki totur ka sake kamawa, sannan ya gyara gidajen sama inda ake neman ƙarfi. Sau da yawa ma a can sama ragewa ake yi, don kamfanoni kan cika mai a wurin domin kare inji daga zafi. Irin wannan saitin, da ƙyar ka ji bambanci a aljihu. Malalacin mai saiti kuwa sai ya cire sensar oksijin, ya maƙala abin da ke yaudarar birenbos a gurbinta, ya shafe jadawalin gaba ɗaya da 13.2, sama da ƙasa.

Mu yi lissafi. Daga 14.7 zuwa 13.2, an ƙara mai kashi 11 cikin 100. Babur da ke ba da 16 zai koma 14.4. A tafiyar kilomita 1,000, lita 7 ke nan ƙari. A ce mai saitin ya yi ɓarna sosai, ya kai cakuɗar har 12, inda bakin salansa zai yi baƙi ƙirin, na bayanka na jin warin ɗanyen fetur: ƙarin kashi 22 ne da rabi, 16 ta koma 13. Daga 16 zuwa 10 kuwa ƙarin kashi 60 ne, lita 37 da rabi a kowace kilomita 1,000. Inji mai zafi da aka ƙara wa mai har haka ba zai yi tafiya lafiya ba, zai riƙa tari yana kashe fulogi. Saboda haka in 10 ɗinka ta tabbata kuma babur na tafiya sumul, akwatin na iya ɗaukar wani kaso na laifin, amma ba shi kaɗai ba ne. Yana da abokan tarayya.

Kafin in zo kansu, akwai wani tarko da na ga ya kama ko waɗanda suke da injin gwaji. Suzuki na sa wani bawul da suke kira PAIR, wanda ke tura iska mai tsabta cikin hanyar hayaƙi don ragowar mai ta ƙone kafin ta fita. Da salansar kamfani ba ka jin komai. Da ka sa buɗaɗɗiya irin Yoshimura, sai ka fara jin tas-tas-tas duk lokacin da ka saki totur. Mutane su ce mai ya yi kaɗan, a ƙara. A yi ta ƙarawa har ƙarar ta lafa, alhali ba a magance komai ba, an dai nutsar da wutar ne da fetur. Haka in aka sa na'urar auna hayaƙi ba a toshe wannan bawul ba, iskar da yake turawa za ta sa na'urar ta ce mai bai isa ba, mai saiti ya bi ta ya ƙara. Ɗan yoyo a mahaɗar salansa ma haka yake yi. Ita kanta salansar, in gwangwanin baya kawai aka canja, ba ta sauya shan mai da wani abin kirki. Wadda aka canja tun daga bakin inji, aka cire matatar hayaƙin ciki, ita ce ke buƙatar sabon jadawali.

Kuma ka tuna babur ɗan Kwatano ne. Jadawalin da ke ciki an yi shi ne don wani mutum, a wata ƙasa, da wani man, wataƙila ma don wata salansar da ba ita ce a jiki yanzu ba. Na taɓa buɗe wani akwati irin wannan na tarar da jadawalin tseren gajeren zango, mai shi kuwa masallaci da kasuwa yake zuwa da babur ɗin.

Babban abokin tarayya, kada ka ji haushi, hannunka na dama ne. Iskar da ke tokare ka ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa take yi: in ka ninka gudu sau biyu, turjiyarta ta ninka sau huɗu. Daga 120 zuwa 160 ta ƙaru da kusan kashi 78 cikin 100. A 180 ta fi ninki biyu. Shan man ba ya tashi daidai haka, don inji ya fi iya aikinsa in an buɗe masa totur, amma yana tashi sosai. Shi kuma Hayabusa babur ne mai yaudara, a 160 ji kake kamar kana 90 a kan wani. Ƙara da sabuwar salansa mai daɗin amo: na lura duk wanda ya sa ta, wata ukun farko a giya ta uku yake zagaya gari don a ji shi, yana wasa da totur a danja. Wannan man ba birenbos ne ya sha ba. Maɓallin nan na A, B da C da ke hannun babur ɗinka kuwa ƙarfi yake ragewa. In ka ga sauƙin mai a C, don ya ladabtar da hannun ne.

Sai ciwuka na zahiri. Wanda na fi zargi a ƙasarmu shi ne tamostat, ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji. Akwai makanikai da suka ɗauki cire shi a matsayin maganin zafi, su haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. A cikin gari ba za ka gane ba. A kan hanya, musamman da asubar hunturu, ruwan inji ba ya kai zafin da ya kamata, sensar zafi ta gaya wa birenbos inji da sanyi, shi kuma ya ci gaba da ƙara mai kamar an bar cok a ja. Sensar da ta lalace da kanta ma haka take yi. Dubi allurar zafi bayan tafiyar minti ashirin; in tana kwance a ƙasa, ga ɗaya ka kama. Suzuki na da wata 'yar soket da in aka haɗa ta, agogo zai nuna lambar ciwo: C00 babu komai, C15 sensar zafin ruwa, C14 ta totur, C13 ta matsin iska, C44 ta oksijin. Bakaniken da ya saba da Suzuki ya san wannan, minti biyar ne.

Injekta takwas ne a injin naka, biyu a kowace silinda. Ɗaya ta riƙa ɗiga, ta isa ta ɓata lissafi. Alamarta: fulogi ɗaya baƙi sauran uku ruwan ƙasa, babur na wahalar tashi in ya yi zafi, baƙin mai na warin fetur kuma yana ƙaruwa maimakon raguwa. In ka ga wannan na ƙarshen, kada ka ci gaba da hawa, fetur na wanke baƙin man daga jikin silinda. Iyakilina kuwa, wato matatar iska, adadin kilomitan da aka rubuta a littafin babur ba a yi shi da ƙurar Disamba da Janairu ta Kano a rai ba, buɗe ka gani da idonka. Taya a sa mata iska 42 gaba da baya, a auna tana da sanyi. Ɗaga ƙafafun ka juya su da hannu, don birki mai riƙewa da busasshiyar sarƙa suna cin mai shiru ba hayaniya.

Ka ƙirga haƙoran sufuroket ma, wato faifan da sarƙa ke hawa. Na kamfani 18 ne a gaba, 43 a baya. Masu son fizga sukan sa 17 a gaba, inji ya ƙara juyi da kusan kashi 6 a kowane gudu. Abin dariyar, yawancin Hayabusa na wancan zamanin daga wurin sufuroket ɗin gaba suke karanta gudu, saboda haka agogo ma sai ya ƙara ƙirga kilomita da kashi 6 ɗin. Babur ya ƙara sha, lissafi ya nuna bai ƙara ba.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa 500 da wani abu cikin 'yan kwanaki, roƙon da aka fi yi mini ya juya. Da can "ƙara masa wuta" ne, yanzu "rage masa sha". Ana iya ragewa, amma da iyaka, kuma na koyi iyakar da kuɗina. Shekarun baya, a kan wani tsohon babur mai kafireta huɗu wanda iska ke sanyaya injinsa, na sauke allura na rage jet don in faranta wa mai shi. Ya yi murna sati biyu. A na uku, cikin zafin Afrilu, ya ƙona bawul ɗin hayaƙi a hanyar Katsina, ni na biya gyaran. Cakuɗar da mai ya yi mata kaɗan tana sa inji zafi, in an matsa masa ya fara ƙwanƙwasa. Ga kuma man namu: babur irin naka an rubuta masa mai babbar lamba, irin wanda Turawa ke kira 95, mu kuwa iri ɗaya ake sayar mana a famfo, ba a tambayarka lamba. Duk saitin da ya tura lokacin tartsatsin fulogi gaba, wanda aka yi don man Turai, a nan haɗari ne. Saboda wannan, ni a gidajen sama na jadawali na fi son mai ya ɗan yi yawa da ya yi kaɗan. A gidajen ƙasa ne nake neman sauƙi, kuma a can ma ba na wuce inda kamfani ya tsaya.

Masu kafireta da ke karanta wannan, ku naku ya bambanta ta fuska ɗaya: kafireta ba ta san tudu ba. Babur da aka saita a Legas, a bakin teku, in ya hau Jos mai tsawon wajen mita 1,200, iska ta yi sirara, man bai ragu ba, sai ya koma sha da baƙin hayaƙi. Mai injekta yana da sensar da ke gyara wannan da kansa.

A game da akwatin, ga yadda zan yi in babur ɗin a hannuna yake. Ba zan fizge shi in jefar ba. Zan jona shi da kwamfuta, in adana jadawalin da ke ciki, in dubi gidajen juyi 3,000 zuwa 5,000 a ƙaramin totur. In na ga manyan lambobi a wurin, in mayar da su sifiri, in duba ko sensar oksijin na nan a jone in babur ɗin ya zo da ita, sannan ka sake tanki uku a hanya ɗaya da tuƙi iri ɗaya. Bambancin da ya fito shi ne kason akwatin, ba zato ba. In babu mai kwamfutar kusa da kai, a zare soket ɗinsa a mayar da na kamfani kai tsaye a kan injekta, amma in salansar cikakkiya ce tun daga bakin inji, kada ka murɗe totur duka har a gama gwajin.

Tanki ɗaya daga cikin ukun, ka yi shi Kano zuwa Kaduna, giya ta shida, kada allura ta wuce 120. Wajen kilomita 220 ne. Lafiyayyen Hayabusa zai shiga Kawo da lita 14 ko 15 a ƙone, fitila ba ta kama ba. Mai shan 10 da gaske, tun kafin Jaji za ta kama. Ka turo mini abin da ya fito, da hoton fulogi huɗun a jere yadda aka ciro su, daga hagu zuwa dama.